Ciɗo da Rijiyar Fakon Mamman

Ranar Litinin, sha biyu ga watan Maris na 1962, na fara ganin Ciɗo. Lokacin ina riƙe da kundin rijiyoyi a wani biro, wato ofishi, a Tawa, aikina in rubuta sunan kowace rijiya da zurfinta da yawan ruwanta. Ya zo cin kasuwar Lahadi ya kwana, da safe na iske shi tsugune a gindin bango, dagin ƙarfe jingine kusa da shi. Gajere ne kakkaura, ya haura shekara hamsin, tafin hannunsa kamar busasshen ƙirgi. Da muka gaisa ya ce shi mutumin Fakon Mamman ne, arewa da Affala, kuma an gaya masa akwai takardar da ta san abin da ke ƙarƙashin garinsu.

Na buɗe kundin na karanta masa. A kan wannan tudun dutse an taɓa haƙa rami goma sha bakwai, ko ɗaya bai ba da ruwa ba. Rijiya ɗaya tak ta taɓa rayuwa a wurin, ita ce ta garinsu, ita ma ta ƙafe bara.

Ya saurara har na gama, sannan ya nuna ƙofar ɗakin Baturen da ke mana awon ruwa a lokacin.

"Malam, tambayar mini shi. Babu ruwan ne, ko dai ba a iske shi ba?"

Baturen mutum ne mai haƙuri. Ya fito da taswira ya shimfiɗa, ya yi bayani ina juyawa da Hausa. Ya ce tsohuwar rijiyar ruwan sama ne da ya taru bisa yumɓu kamar a cikin ƙwarya, an sha shekara da shekaru, ya ƙare. Ruwan gaske yana can ƙasa sosai, bayan wani shimfiɗaɗɗen dutse da hannun mutum ba ya fasawa. Ba ya yiwuwa.

"Ko kaɗan?" in ji Ciɗo.

Baturen ya yi murmushi ya ɗaga kafaɗa. Ya ce to, wataƙila ɗaya cikin dubu, in dutsen ya tsage a wani wuri. Na juya masa maganar yadda aka faɗe ta, ban rage ba. Ciɗo ya miƙe ya ɗauki daginsa.

"To madalla. Ɗayan nan ma ai a wani wuri take zaune."

Abin da zan faɗa daga nan, wani na gani da idona, mafi yawa kuwa daga bakinsa da bakin 'yarsa Rakia na ji shi.

Kakansa Mamman shi ya sari garin. Ya zo da matansa da jakuna biyu, ya haƙa rijiya a tsakiyar fako, ruwa ya fito a gaba ashirin da biyu, mutane suka taru masa. A ƙasar Adar haka abin yake: wanda ya fid da ruwa shi ke da wuri, kuma gari yana raye ne muddin rijiyarsa tana raye. Uban Ciɗo, Isufu, ya gaji haƙa, Ciɗo ya gada wurinsa. Ya haƙa rijiya ashirin da uku a garuruwan mutane, daga Takanamat har kudancin Tawa, ba wadda ta taɓa rufta wa kowa. In zai zaɓi wuri ba ya gaggawa. Yakan yi kwanaki yana yawo da tsakiyar rani yana duba suri, inda gara ta fito da ɗanyar ƙasa alhali ko'ina ya bushe, ya ɗebi ƙasar ya ɗora a harshe. Yakan ce gara ba ta da jaki, duk inda ta samo danshi da ƙafarta ta je.

Shi da matarsa Zaliha sun haifi 'ya'ya huɗu, Rakia kaɗai ta rayu, tana aure a Tawa gidan wani tela. Maigarin Fakon Mamman kuwa, Attahiru, ɗan kawun Ciɗo ne, wato taubashinsa. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba.

Da rijiyar ta ƙafe, gida goma sha ɗaya ne a garin. Ruwa ya koma sai a fadama, tafiyar rabin yini a kan jaki. Mata su fita da sassafe da salka, su dawo bayan la'asar. Ba a yi wata uku ba aka fara maganar tashi. Mutanen fadama sun ce akwai fili, a zo a zauna. Ciɗo ya roƙi dattawa su ba shi rani biyu. Ya samu wani suri gabas da gari, kusa da wata tsohuwar aduwa, ya kafa dagi. Ranar da ya zo wurinmu ya riga ya sauka gaba shida.

A ranin farko yana da mataimaka. Haƙar rijiya ba aikin mutum ɗaya ba ne: ɗaya yana ƙasa yana sara yana cika kwando, wasu suna sama suna ja, su ne kuma za su sauke shi da safe su fid da shi da yamma. Magidanta suka riƙa karɓa-karɓa. Attahiru ba ya ja, ya ce shi maigari ne, amma kullum sai ya zo ya leƙa.

"Kai gafiya! Ka iske kakanninmu can ƙasa?"

Muryar Ciɗo ta taso daga rami: "Na iske su. Sun ce in gaida ragon da suka bar wa gari."

"Ce musu ragon shina shan iska, mai hankalin shina cin ƙasa."

Sai masu ja su fashe da dariya har igiya ta kusa kuɓuce musu.

A gaba goma sha tara ya ci karo da dutsen da Baturen ya faɗa. Dagi ya daka, wuta ta tashi, ko ɓarɓashi bai fita ba. Ciɗo ya koma ga dabarar ubansa. A zuba itace da busasshen kashin shanu a kan dutsen, a cinna wuta ta yini tana ci, sannan a kwara ruwa daga sama. Dutsen ya yi ƙara ya tsattsage. A jira kwana biyu hayaƙi ya fita, a saukar da fitila a igiya. In ta mutu ba mai shiga, sai a ɗaure ganye a riƙa sama da ƙasa da shi har iska ta canja. In ta rayu, Ciɗo ya sauka ya ɓamɓare abin da ya tsage. Wani lokaci kamu ɗaya, wani lokaci ko kamun bai cika ba.

Nan ne mutane suka fara juya masa baya. Ruwan da mace ta yini a hanya kafin ta kawo, shi ake zuba wa dutse. Wata rana liman ya kira shi gefe ya ce masa Allah ya halicci abubuwa da iyakarsu, mutum ya san inda zai tsaya. Ciɗo ya amsa da ladabi. Ya ce shi ma ya san akwai abin da ba ya yiwuwa: ba zai komar da 'ya'yansa uku da ke kwance bayan gari ba, ko zai haƙa har ƙarshen ƙasa, kuma bai taɓa gwadawa ba. Amma wannan dutsen jiya ya ci kamu ɗaya daga jikinsa. Abin da ake ci kamu-kamu, yaya za a ce masa ba ya yiwuwa? Liman ya ce tsawon ran mutum ma kamu-kamu ake cin sa. Suka rabu a kan haka.

Bayan girbin 1962 gida uku suka tashi. Bayan na 1963, shida. Sukan cire rufin ɗaki da ƙyaure su ɗora wa raƙumi, su bar bango tsaye. Duk wanda zai tafi sai ya biyo ta bakin rami ya yi sallama, Ciɗo ya amsa daga ƙasa, ya yi masa addu'ar sauka lafiya, ya ci gaba da sara.

Attahiru ne na ƙarshe, a watan Disamba na 1964. Ya zo bakin rijiyar da hantsi, ya sa aka fid da Ciɗo, suka zauna a inuwar aduwa. Ranar bai ce masa gafiya ba sai can ƙarshe.

"Ɗan baba, na riƙe iyakar riƙona. Maigari ba shi zama inda babu gari."

"Gaba ashirin da takwas nike. Ƙasar ta soma canja launi."

"Bara ma haka ka ce."

"Bara ja ce, bana fara ce. In na ga ruwa za ku komo?"

Attahiru ya daɗe yana kallon hannuwan Ciɗo, yatsun duk sun tsage. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe riga.

"Kai dai ga ruwan tukuna, gafiya. Ka ga ruwan ka aiko."

Ciɗo ya ɗauki wannan maganar alkawari ce. Attahiru kuwa, kamar yadda ya gaya wa Rakia daga baya, ya faɗe ta ne don ya samu ya iya tafiya, kuma ko a mafarki bai zaci za a aiko ba.

Garin ya rage mutum biyu da jaki biyu. Zaliha ta zama mai ja. Suka gitta ƙaton itace a bakin ramin, igiya ta bi ta kansa, a ɗaura wa jaki, ita ta kora shi har can nesa kwando ya fito, ta dawo da gudu ta janyo shi gefe ta zubar. Haka take sauke mijinta, haka take fid da shi. Kwana biyu aiki, rana ta uku ta tafi fadama ɗebo ruwa, shi kuma ya yini murɗa sabuwar igiyar kaba, don itacen yana cin igiya. A fadama matan garinsu sukan tare ta. Wasu su yi mata kuka, wasu su ce ta bar mahaukacin nan ta zo ta zauna cikin mutane. Rakia ma ta aiko sau biyu.

Wata rana da ta fid da shi, ta zauna a kan tarin ƙasa ta buɗe masa tafin hannunta.

"Malam, dubi. Ko tuwo ban iya tuƙawa sai na naɗa tsumma."

"In kin gaji ki tahi wurin Rakia. Ba ni riƙe ki da komi."

"In na tahi wa za shi fid da kai? Aljanu?"

"Sai in bari."

"Ƙarya kake. Da haƙori za ka sauka." Ta naɗe hannun. "Ni ban ce akwai ruwa ba, kuma ban ce babu ba. Abin da na sani, ban barin ka cikin rami."

Ranar Alhamis, sha huɗu ga Afrilu na 1966, wajen azahar, a gaba talatin da huɗu, dagi ya nutse cikin wata tsaga ya ƙi fitowa. Ciɗo ya girgiza shi ya zare. Bakin ƙarfen ya fito da laka. Ya sa yatsa cikin ramin dagin, ya ji sanyi, yana kallo ruwa ya taso a hankali ya cika gurbin ya soma malala bisa dutse. Bai yi ihu ba. Ya ce ya zauna ne kawai har ruwan ya rufe masa idon sawu. Zaliha ta gaji da jiran ya girgiza igiya, ta leƙa tana kira. Ya cika ƙoƙon da yake shan ruwa da shi, ya sa a kwando. Da kwandon ya fito ta gani, ta durƙusa a wurin, jaki ya yi tafiyarsa da igiya.

A al'adarsu mai haƙa ba ya buɗe rijiya da kansa. Maigari ne zai sha ruwan farko a bakinta, sannan kowane gida ya kawo igiyarsa da gugansa ya rataya a gwafarsa, itace mai baki biyu da ake kafawa a gefen rijiya. Rataya igiya shi ne shaidar cewa gidan nan daga wannan rijiyar yake sha, a wannan garin yake. Ciɗo ya yi kwana uku yana sarar gwafa. Ya kafa goma sha ɗaya, ya kewaye bakin rijiyar da su. Zaliha ta share gidajen da suka fi kusa. Sannan ya hau jaki ya tafi fadama.

Ya iske Attahiru cikin lambun albasa. Ya ce masa, "Rago, na aiko." Attahiru ya dube shi, ya dubi lakar da ta bushe a wandonsa, ya saki abin ban-ruwan da ke hannunsa.

Ranar Asabar suka zo. Ciɗo ya hango su tun daga nesa, maza da mata da yara, sun fi mutum arba'in, wasu kan jakuna, mata suna guɗa. Ya tsaya a bakin rijiya cikin rigarsa ta salla. Da suka matso sai ya bar kallon fuskoki ya koma kallon bayan jakuna. Akwai buhun gero, akwai ɗan akuya ɗaure na yanka, akwai tabarmi. Ya duba jakin farko, ya duba na biyu, har na ƙarshe. Ba wanda ya zo da igiya.

Aka ja ruwa da igiyar Ciɗo. Attahiru ya karɓi ƙwarya, ya yi bisimilla ya sha, ya sake sha. Ruwan garai yake, babu zartsi. Hawaye suna zuba cikin gemunsa. Liman ya yi doguwar addu'a, ya kama hannun Ciɗo a gaban jama'a ya ce shi kansa ne bai sani ba. Aka yanka akuya, aka ci, yara suna leƙa rijiyar ana janye su. Tsofaffi suka shiga kangayen gidajensu suka fito shiru.

Da rana ta karkata mata suka soma naɗe tabarmi. Ciɗo ya ja Attahiru gindin aduwa.

"Ina igiyoyin?"

"Ɗan baba..."

"Ka ce in ga ruwa in aiko."

"Na ce. Wallahi na ce." Attahiru ya sunkuyar da kai. "Inna tana kwance a fadama, bara muka rufe ta. Yara goma sha biyu suna karatun boko a lakkol. Kowa ya yi ɗaki, kowa ya kama lambu, rani ma ana samun na miya. In na ce musu su tashi, mi zan ce musu?"

"Ka ce musu ga ruwa."

"Can ma akwai ruwa, Ciɗo. Gaba uku."

Attahiru ya ce Ciɗo da Zaliha su zo su biyun, an ware musu fili kusa da nasa, gobe-goben nan zai aiko da raƙumi. Ya yi ƙoƙarin tsokanarsa, ya ce fadama ma tana da ramukan da gafiya za ta shiga. Ciɗo bai rama ba. Wannan ne karo na farko a rayuwarsu da bai rama ba. Kafin magariba taron ya watse. Zaliha ta ɗauki igiyarsu ta rataya a gwafa ɗaya, goma suka tsaya haka nan.

Labari ya iso Tawa, ranar biyar ga Mayu muka je da sabon mai awo, Ahmed, don Baturen ya riga ya koma ƙasarsu. Ahmed ya saukar da ma'auni sau uku kafin ya yarda: mita sittin da ɗaya, kuma ruwan zai ishi gida goma sha ɗaya sha da girki, har da ƙananan bisashe. Ya ce dagin ya faɗa daidai kan tsagar dutsen, da Ciɗo ya kauce taku biyar gabas ko yamma da har ya mutu bai ga danshi ba. Ya yi ta jinjina masa. Ciɗo ya saurara kamar ana ba shi labarin wani. Da za mu tafi ya tambaye ni ko gwamnati tana da ikon ta ce wa mutane su koma garinsu. Na ce masa ba ta yin haka. Ya ce ya sani, tambaya dai ya yi.

Ba su bi raƙumin Attahiru ba. Suka zauna su biyu, suka noma gonarsu. Ciɗo ya ce mutane suna bukatar lokaci, in fadama ta cika za su tuna da tudu. Kowace safiya yakan ja ruwa fiye da bukatarsu ya zuba a kwamin shayar da dabbobi, wai kada rijiyar ta saba da zaman banza. Makiyaya masu wucewa arewa suka gane wurin, sukan yada zango kwana ɗaya ko biyu su shayar, su yi godiya su wuce.

A watan Agusta na 1967 zazzaɓi ya kama Zaliha. Kwana huɗu ta yi, ta cika da hantsi. Babu mace ko ɗaya a garin da za ta yi mata wanka, babu wanda zai tsaya bayansa a yi mata salla. Ciɗo ya rufe ta da zane, ya ja ƙyaure ya tokare da dutse saboda dabbobi, ya hau jaki ya yi tafiyar rabin yini cikin ruwan sama ya kirawo mutane. Sai washegari aka binne ta. Shi ya haƙa kabarin, ya hana kowa taɓa dagin.

Bayan addu'ar bakwai Rakia ta zo da mijinta suka tafi da shi Tawa, bai yi gardama ba. Ya zauna a zauren surukinsa, yana murɗa igiya ana sayarwa a kasuwar Lahadi. Sau biyu aka zo neman sa haƙar rijiya, ya ce ya bari. Attahiru yakan zo duba shi in ya shigo gari, su zauna su yi hirar damina da ta mutanen da suka rasu. Ƙirjin Ciɗo ya riƙa ciwo, tari ya kama shi, likita ya ce ƙurar dutse da hayaƙin rami ne. Ya rasu ranar Talata, huɗu ga Fabrairu na 1969, a gidan 'yarsa. An binne shi a Tawa. Ba wanda ya koma Fakon Mamman da zama.